Larabar Ginin Laka

Har na yi ritaya ban taɓa mantawa da Larabar da na kusa rufe ajina da hannuna ba. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, aka turo ni wani ƙauye kusa da Gazawa a matsayin monita, wato ƙaramin malami, wanda babu kowa a ƙasansa sai 'yan aji. Darakta, shugaban makarantar, ya ba ni ƙananan yara masu share fage, a rumfar zana. Ya kuma gargaɗe ni cewa in sufeton makarantu ya zo daga Maradi ya tarar da aji ba yara, rufe shi zai yi.

Kowane mako da takardar tsarinsa. Litinin waƙa, Talata ƙirga da karan dawa, Laraba ginin laka, Alhamis hutu, Juma'a tatsuniya, Asabar duba farce da kai. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya, takarda ta zame mini sarki. Makon nan ta ce a gina mutum, na sa yara suka gina, har da ido da hanci. Kowa ya tafi gida da nasa yana murna, ni ma ina ta yi wa kaina kirari.

Ranar Juma'a na tarar da tabarmi kawai. Can sai ga Malam Idi, mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya ajiye mini mutum-mutumin ɗansa a kan tebur.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin boko da Faransanci, "ran lahira wa za ya hura ma wannan rai, kai ko ɗana? Mun ba ku ɗiyanmu ku koya masu karatu, ba ginin gumaka ba."

Kunya ta kama ni, don ni ma na san wannan tun ina makarantar allo, takarda ce ta rufe mini ido. Darakta ya ce in soke ginin laka a huta, ga sufeto na tafe mako mai zuwa. Na ce a'a. Lakar nan ce ke sake wa yaro yatsu kafin ya riƙe alli, ba zan bar ta ba.

Na bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, na tuɓe takalmi a kowane zaure, na ce na yi kuskure. Wasu suka saurara, wasu suka bar ni tsaye ina gasuwa a rana. Daga nan na je wurin Iya Tabawa, tsohuwa maginiyar tukwane, na roƙe ta ta zo aji. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yo kai da ba ka iya kwaɓa laka ba, mi kaka koya masu da can? Tahi, ina zuwa."

Da iyaye suka ji Iya Tabawa ce za ta zauna, suka sako yara. Ranar Laraba sufeto ya shigo ya tarar da su dumu-dumu da laka, suna gina rumbuna da 'yan tukwane. Ya duba takardar da ke maƙale a zana, wadda ta ce a ci gaba da ginin mutum.

"Ina mutanen?" ya tambaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ajin nan ba zai ɗauki biyu ba. Ko mutanen laka, ko waɗannan masu numfashi."

Ya kalli yaran. Sannan ya zaro alƙalami ya soke kalmar da hannunsa, ya rubuta rumbu.

Ku malaman yanzu, abin da na koya ke nan: mai rubuta tsarin mako bai san ƙauyenku ba, ku kuka sani. Tun daga ranar ban sake maƙala takarda a aji ba sai na karanta wa iyaye ita tukuna, don yaran nasu ne, aro suka ba mu.