Iya Mai Fure da Ƙanin Mijinta

Iya Mai Fure ta tsufa tana tara irin furannin daji a gonar mijinta. Takan tsinko, ta shanya a tabarma, ta murje, ta bakace a faifai, masu lambu su saya. Mijin na rasuwa, ƙaninsa ya ƙwace gonar, ya feshe furannin da maganin ciyawa.

Duk kakar nan irin wuta-wuta ta tara, furen nan mai kashe dawa, ta watsa masa a gonar kafin ruwan fari. Da dawarsa ta tsumbure, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna.

"Matar yaya, ba ki san maganinsa ba?"

"Babu," ta ce tana bakacenta. "Har jikokinka sai sun gaje shi."