Ruwan Tanko

"Wa ke rufe shi in an gama ɗiba?"

Tambayar da Gwaggo Hajara, yayar babana, ta fara yi ke nan da muka tsaya gaban ruwan da ke zubowa daga kan dutse a Azbin. Buzun da ya rako mu ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Inna, ba a rufewa. Haka muka tashi muka gan shi."

Mu 'yan Damargu ne. A garinmu Gangara sai igiyar guga ta ci maka tafin hannu kafin ka cika tulu.

Kakan kakanmu, Tanko, ya bi ayarin gero zuwa nan, 'yan shekaru kafin Nasara su shigo Damagaram. Da ya koma gida ya ce ya ga ruwa na faɗowa daga dutse da rani, ya shiga wani kogo har sanyi ya kama shi. Gari ya kwashe da dariya. Har yau in mutum ya shara ƙarya, sai a ce, "Ruwan Tanko!"

Gwaggo ta cire takalmi, ta shiga har gwiwa, ta tara hannu ta sha.

Can ta juyo. "Kai, ɗauke ni a wayar nan. Gida-gida zan bi da ita."

Shekara ɗari da ɗoriya bawan Allah yana jiran shaida. Ku fa, wane mai gaskiya aka ƙaryata a gidanku?