Mai Kwali da Ƙofarsa ta Gawayi

Wata rana, bara ce ko bara waccan, kada ku riƙe ni da shekara, na tsaya gaban alƙali zan ba da shaida, sai sunan mutumin da na zo dominsa ya fice daga kaina.

Bari in koma baya.

A bayan tsohuwar tashar mota ta garinmu akwai wani dogon bango. A gindinsa wani mutum yake kwana a kan kwali. Kowa Mai Kwali yake ce masa.

Ba mahaukaci ba ne. Ambaliya ce ta rushe masa gida a ƙauye, ta tafi da matarsa. Ya shigo birni neman wani ɗan'uwansa, ya tarar ɗan'uwan ya tashi daga unguwar. Ya zauna jira. Jiran ya kai shekara shida.

Ni kuwa mutum ne mai yawo. Tun da na bar koyarwa, ƙafata ba ta son zama. Ta nan nake bi kowace safiya.

Ran da na fara tsayawa gaishe shi, na taka gefen kwalin da takalmina. Ya ɗaga kai, ya nuna min wani layi da ya ja da gawayi a ƙasa, ya kewaye wurin kwanansa, ya bar gibi a gefe ɗaya. Ya ce ta nan ƙofa take, ni kuwa ta katanga na hauro.

Na ji kunya. Na fita, na zagaya, na cire takalmi, na yi sallama.

Ya amsa, ya ce in shigo daga ciki.

Haka muka saba. Wani lokaci in na yi sallama sai ya ce mai gidan ba ya nan, in dawo anjima. Mu yi ta dariya.

Kuma ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba. Yana da tsintsiya. Kafin masu shaguna su buɗe, ya share gabansa, ya share gaban nasu. Ba wanda ya sa shi.

Ku riƙe maganar tsintsiyar nan.

To, ran da abin ya faru, da hantsi ne. Ido na ganin ido, kasuwa cike, ba wani duhu da za a fake da shi.

Samari uku suka zo, 'ya'yan masu hali a unguwar, da kaya masu guga. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. Ɗaya ya je wajen Kande mai ƙosai, ya ture ta, ya sauke kaskon da mansa yana tafasa.

Mai Kwali yana kishingiɗe, zazzaɓi ya kayar da shi kwana biyu.

Na ji wanda ya riƙe kaskon ya ce yau ranar kwashe shara ce. Sauran suka yi dariya.

Sai ya juye masa.

Ba zan faɗa muku ƙarar da ya yi ba. Na manta abubuwa da yawa. Na manta inda na ajiye tabarau, jiya na kira 'yata da sunan marigayiya uwarta. Wannan ƙarar na roƙi Allah ya mantar da ni, bai mantar da ni ba.

Mai Kwali bai zagi samarin nan ba. Bai taɓa musu komai ba. Ko saninsu bai yi ba.

Daga baya na ji cewa shi ne na uku. Kafin shi sun farfasa wa wani tsoho kai a rumfar kasuwa, sun cinna wa bargon wata mata wuta a ƙarƙashin gada. Duk masu kwana a waje. Zaɓa suke yi.

Ya yi wata biyu a asibiti. Bayansa ya warke da tabo. Hannun damansa ya ƙanƙance, ba ya iya riƙe tsintsiya.

Da aka zo neman shaidu, masu shaguna duk suka ce suna ciki, ba su ga komai ba. Mutanen da yake share wa ƙofa! Hoton da aka ɗauka ya ɓace daga waya. Kande ta yi kuka ta ce in yafe mata, a rumfar uban ɗaya daga cikin samarin take suya, kuma marayu take ciyarwa. Ban ga laifinta ba.

Saura ni.

Mai Kwali ya ce min shi ba ramuwa yake nema ba. So yake a rubuta dalilin da ya sa aka yi masa haka, don a san farautar masu kwanan waje ake yi, ko sauran su samu su yi barci.

Na ce masa zan faɗa.

A kotu, lauyan samarin ya miƙe, yaro ne da bai wuce sa'an ɗalibaina na ƙarshe ba. Ya rusuna ya gaishe ni da ladabi. An riga an gaya masa halin da kaina yake ciki.

"Baba, wannan mutumin da ka ce abokinka ne, mene ne sunansa?"

Na buɗe baki. Babu.

Ya taɓa faɗa min. Na san ya faɗa min. Na dube shi yana zaune da hannunsa a naɗe, yana kallona, yana motsa leɓe don ya taimake ni. Babu.

Aka yi dariya a baya.

"Ranka ya daɗe, wanda bai tuna sunan abokinsa ba, ta yaya zai tuna maganar da aka yi wata biyar da suka wuce?"

Na ce, "Ɗana, sunan da uwarsa ta sa masa ya ɓace min. Wanda yaranka suka sa masa suna zuba masa mai bai ɓace ba. Shara suka ce."

Dariyar ta tsaya.

Alƙalin ya daɗe yana kallon takardarsa. Ni dai ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ce ya ji, kuma ya yarda na ji abin da na ce na ji. Amma littafin da ke gabansa ba shi da gurbin wannan kalma. Yana da gurbin rauni, yana da gurbin faɗa. Ba shi da gurbin a ce an cuci mutum don kawai ba shi da ɗaki.

Sai aka rubuta wasa ne ya wuce gona da iri.

Wasa.

Aka ja musu kunne, iyaye suka sa hannu, suka fita suna gyara hula.

Ba a yi sati biyu ba aka jefi wani mai kwana a bakin masallacin kasuwa da bulo.

Mai Kwali ya tattara ya bar garin. Ba wanda ya san inda ya nufa. Ko sallama bai yi min ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na koma gindin bangon. Ruwan sama ya wanke gawayin, amma na san inda ƙofar take. Na cire takalmi, na yi sallama.

A nan, ina tsaye ba takalmi, sunan ya dawo.

Tanimu.

Sunansa Tanimu. Na rubuta a tafin hannuna, na rubuta a bangon ɗakina, yanzu na rubuta a nan don ku taya ni riƙewa.

Darasi:

Na ji ana cewa a wasu wurare, in ka cuci mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa, doka tana ƙara maka hukunci, domin ba shi kaɗai ka nufa ba, duk irinsa ka tsorata. To wanda aka ƙona don yana kwana a kan kwali fa? Shi ma ba shi kaɗai aka nufa ba. A buɗe masa gurbi a littafin. Duk wanda ya kira ɗan'adam shara kafin ya ɗaga masa hannu, a rubuta kalmar, a hukunta shi da ita.

Ku kuma da kuke wucewa ta gabansu kullum, ku tambayi sunansu. Ku riƙe shi fiye da yadda na riƙe.

Ku tura wannan gaba, har ya isa wayar masu rubuta doka. Ku tura ko zai isa garin da Tanimu yake. Wanda ya gan shi, zai gane shi da hannun dama. Ya cire takalmi, ya shiga ta ƙofa, ya ce masa Malam ya tuna.