Jinin Yayana Ne

Ranar Asabar ce da azahar, a gidanmu na Kabong. Ni da ƙanwata kaɗai muke sussukar acca, iyayenmu sun tafi ta'aziyya.

Wajibi ne in bayyana halin yarinyar. Shekarunta tara, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ban kira wannan nagarta ba, domin gaskiyarta ba ta san tausayi ba. Wanda duk ya buɗe ido lokacin addu'a, sai ta kai ƙararsa wurin mahaifinmu, malamin bishara, ta tsaya tana kallo ana tsula masa bulala.

Muna cikin aiki, wani leburan haƙar kuza ya faso shingen itacen kerana ya faɗo tsakar gida. An rotse masa kai, kunnensa ɗaya yana reto, ruwan kerana mai dafi ya cika masa ido. Ya rarrafa ya shige ƙarƙashin rumbu.

Sai ga mutane da kulake da ƙotar diga, suna ihun ɓarawo. Jagoransu mahaucin unguwarmu ne, da wuƙa tsirara. Ya shaƙe ni, ya tambaye ni inda mutumin yake. Ya naushe ni a baki, haƙorina ya faɗi ƙasa.

"Rabu da wannan sakarai," in ji wani. "Tambayi 'yar Malam. Ko uwarta ce ta yi sata, sai ta tona."

Mahaucin ya durƙusa gabanta. "Ke, sarauniyar gaskiya, ina ɓarawon?"

"Baba, ya tsallake ta kan dutse, ya yi hanyar Dilimi."

"Wannan jinin fa?"

"Jinin yayana ne. Kai ka fasa masa baki."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Suka kwasa a guje.

Da mahaifinmu ya dawo, ya wanke wa mutumin raunukansa da hannunsa, sa'an nan ya ɗauko bulala, domin a gidansa ƙarya ƙarya ce. Ya tsula wa ƙanwata har cinyoyinta suka fashe. Ba ta yi kuka ba, ta kuma ƙi cewa ta tuba.

Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa yafe wa ɗalibi ƙarya ba. Amma wannan guda, har yau ban iya sa ta cikin laifi ba.

Yarinyar ba ta sake kai ƙarar kowa ba. Mutumin ya rayu, da ido ɗaya.