Na Ce Na Yafe, Waya Ba Ta Kai Ba

Shin mijina Malam ya tafi yana zaton na ƙi yafe masa ne? Damina biyu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban sami mai ba ni amsa ba. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata malamar firamare ce take rubuta mini, na kuma ce mata kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in da shida muka yi da mijina a ƙauyenmu na bakin kogi, gabas da Haɗejiya. Shekarar da ruwa ya ci shinkafarmu, na hana shi zuwa jinga. Mutum mai ciwon ƙirji, ina shi ina ɗaukar buhun ƙasa? Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, in na zauna me zai tare ruwan, bakinki?" Ya tafi, ya dawo jiƙe sharkaf yana tari. Na ajiye masa tuwo ban ce masa sannu ba. Kwana biyu ina gaba da shi, in ya yi magana in juya baya. A na uku numfashi ya gagare shi, aka sa shi a kwalekwale zuwa wani asibiti a cikin gari. Ni aka bar ni saboda ciwon gwiwa, tare da sauran mata a ajin makarantar da muka fake. Ko a bakin ruwa ban buɗe baki ba. Na ɗauka zai dawo mu ƙarasa faɗanmu.

Wayar hannu ta daina aiki a lokacin, don ruwa ya shanye injin ƙarfen sabis. Abin da ya rage shi ne wayar tebur ta ɗakin shan maganinmu, wadda aka haɗa da ta asibitin. Na'ura biyu ke riƙe da ita, ɗaya a ɓangarenmu, ɗaya a nasu. Mai kula da tamu ɗana ne na fari, wanda ko sunansa ba na faɗa.

Ranar Laraba da hantsi ma'aikaciyar ɗakin magani ta zo da sauri ta ce Malam yana nemana. Na kara kan wayar a kunne. Ina jin sa tas, har da kukan ƙirjinsa. Ya nemi gafarata kamar yadda mai tafiya yake yi. Na ce na yafe, duniya da lahira, ni ma ya yafe mini. Sai na ji ya sake tambaya. Na ɗaga murya. Na yi ihu har mata suka leƙo ta taga. Shi bai ji komai ba. Da aka sake kira, ya riga ya fita hayyacinsa. Na aika a faɗa masa a kunne, an ce an faɗa. Kafin la'asar ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na tsare ɗan nawa a zaure. Tun da na haife shi ban taɓa kallon tsabar idonsa na yi masa dogon zance ba, amma ranar na ajiye kunya.

"Kai, me ya sami wayarka?"

"Inna, abin yana da wuyar bayani."

"Ni jahila ce, ba kurma ba. Faɗa."

Ya ce kowace na'ura tana da ƙofofi masu lamba. Ƙarar kira tana bi ta ƙofa ɗaya, dubu biyar da sittin, ita kuwa murya ta wasu ƙofofin take bi. Tamu ta riƙa fitar da murya ta ƙofofin da ba a yi da ita ba. A can kuma akwai abin da ya kira mai gadi, wanda ba ya barin komai ya shiga sai ta lambobin da aka ba shi. In muryar ta dace da lambar da ya sani, a ji ta. In ba ta dace ba, ya zubar. Shi ya sa wani kiran lafiya lau, wani kuwa su yi ta magana ba sa jin mu.

"Yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Sati biyu kafin ruwa."

Sati biyu! Ya ga baƙin lambobin da idonsa, ya rubuta wa injiniyan da ke kula da ta asibitin cewa ya ƙara buɗe ƙofofi. Wancan ya amsa cewa ba zai buɗe gidansa ba don na'urar wani ta ƙi jin magana, ya je ya ɗaure tasa. Ɗana ya ce shi daidai ya saita tasa. Takarda ta je, takarda ta dawo, kowa yana sa maigidansa na wurin aiki a ciki don a ga ba shi da laifi. Ba wanda ya ce wa masu ɗaga wayar, in kun ji shiru ku sani layi ne. Washegarin jana'iza shi da injiniyan suka zauna a tebur ɗaya, suka gyara kafin shayinsu ya huce.

Na ce masa, "Girman kan wa ka gado?" Ina rufe baki na tuna wadda ta yi kwana biyu tana juya baya. Da ban yi gabar ba, da Malam ya ji shiru zai ce waya ce ta lalace. Wannan ne yake ci na, kuma bai rage mini fushin da nake yi da su ba ko kaɗan. Wata uku ban ci abin da ɗan nan ya kawo ba.

Mutane suna cewa in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani. Ba ransa nake nema a hannunsu ba, kalma biyu ce tawa suka zubar a bakin ƙofa.

Ina kuka ina faɗar wannan, malama ta ce mu tsaya, na ce ta rubuta na ƙarshe. Ranar Larabar nan, kafin a karɓi wayar daga hannun Malam ya ɗan yi tari, sannan ya ce, a hankali, har da 'yar dariyar nan tasa:

"Tsohuwa, har yanzu fushin ne? To shi ke nan. Ni dai na yafe miki."