Karan Awon Inna

Ƙanena bishop ne. Na faɗa tun da farko don mai tashi ya tashi, kada ya zauna ya ɓata wa kansa lokaci. Bishop ne na ɗarikar Angilikan, can ƙetaren iyaka, mai riga ruwan shunayya da zobe da gicciye a ƙirji. Ni kuwa Musulmi ne, manomi a wani ƙauye kusa da Gangara. Ban taɓa barin salla don shi ba, shi ma bai taɓa barin Lahadinsa don ni ba. Ciki ɗaya muka fito, ni ne gaba.

Tare aka kai mu lakol, makarantar boko. Na fi shi kai, wannan ko mushenmu, wato malamin ajinmu, zai shaida da yana raye. Amma da ƙafar Baba ta fara ciwo, ni aka cire aka miƙa wa hauya, tunda ni ne babba. Rubutun nan da kuke gani, ɗan abin da gona ba ta cinye ba ne. Shi kuma da ya tasa ya tafi cirani wajen Katsina, inda kakanninmu suka fito. Ciwo ya kayar da shi a can, mutanen mishan suka yi jinyarsa, ya zauna wurinsu ya ci gaba da karatu. Da ya dawo ya faɗa wa Baba abin da ya zama, Baba bai zage shi ba. Butarsa kawai ya ɗauka ya shige masallaci, kuma daga ranar bai ƙara yi masa magana ba.

Da Baba ya rasu, baffanninmu suka ce kada a aika masa. Sai bayan an share makoki ya ji a bakin 'yan kasuwa. Ya zo ya tsaya a kan kabarin da ya riga ya bushe, ya juya. Inna kuwa ta ajiye abin a cikinta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ina jin labarinsa guntu-guntu. An ce yana koyar da yara a wata ƙaramar majami'a mai rufin kara, an ce ya zama limaminsu, an ce an mai da shi wani gari. Ni kuwa ina nan inda nake, in shuka gero in shuka wake, in ga damina ta yi gardama in sayar da akuya. Yana aiko wa Inna sutura da magani, ban ce bai yi ba. Amma wanda ya ɗauke ta a amalanke zuwa likita a Gazawa cikin rana, ni ne. Aike daban, ɗawainiya daban.

Da za a naɗa shi bishop ya aiko mota ta ɗauke mu, ni da Inna. Na ce ba za ni ba. Inna ta ce to ta tafi ita kaɗai, a ce ɗanta babba ya bar ta ta ƙetare iyaka da baƙo. Dole na saka rigar salla na bi ta. Aka zaunar da mu a benci na gaba, tana jan carbinta a ƙarƙashin mayafi, mata na ta guɗa, ganguna kamar za su tsaga rufi. Waɗansu dattawa suka kewaye shi suka ɗora masa hannu a ka, aka sa masa wata doguwar hula mai baki biyu, aka miƙa masa sanda mai lanƙwasasshen kai. Inna ta taɓo ni.

“Wannan sandar fa, ta mece ce?”

Na ce, “An ce ta kiwo ce. Shi ne makiyayinsu yanzu.”

Ta ce, “Auta? Yaron da awakin gidanmu ma ɓace masa suke yi? To, Allah ya tsare dabbobin mutane.”

Ta faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Da aka tashi, manyan mutane na layi suna durƙusa masa, sai ya ratso su da hular da komai ya zo ya tsuguna gabanta har ƙasa. Ni ma ya ce, “Yaya, sannu da hanya.” Na ce yauwa. A raina na ce, da ni aka bari a lakol, da yanzu wa ya san inda nake.

Inna ta yi doguwar jinya a ƙarshe. Wata rana da hantsi ina gyara mata shimfiɗa ta riƙe mani hannu.

“Ka ji nan. Abin da aka yi ranar ubanku, kada a maimaita shi a kaina. In na tafi, hannun Auta ya shiga cikin makwancina. Kai na ba amana, tunda kai ke nan.”

Na ce, “Inna, kin san mutanen garin nan.”

Ta ce, “Na san su. Kai ma na san ka. Taurin kanka bai taɓa amfanar kowa ba, to ranar ya amfane ni.”

Ta cika da bazara, bayan sallar asuba, ranar Lahadi. Na kira shi a salula, wani ya ɗauka ya ce bishop yana cikin sujada a wani ƙauye mai nisa, yana ɗora wa mutane hannu. Na ce a raɗa masa uwarsa ta rasu. Daga baya na ji an raɗa masa ɗin, ya runtse ido, sannan ya ci gaba har ya gama da na ƙarshe a layi, don mutanen sun taho da ƙafa daga ƙauyuka, kuma sun daɗe suna jiran zuwansa. A ranar dai da na ji bai taso nan take ba, sai da na ji kamar in jefa salular a rijiya.

A garinmu, in an yi rasuwa, ba a sara ƙasa sai an kai kara. Babban ɗa ne ke shiga ɗaki da karan dawa ya auna tsawon mamaci, ya karya daidai, ya fito ya ba masu haƙa. Da shi za su gwada rami. Babu wanda zai shiga ya auna uwar wani alhali ɗanta na tsaye. Na shiga na auna Inna. Ashe ta ƙanƙance haka, karan ko ƙirjina da kyar ya kai. Na fito na zauna a bakin ƙofar ɗakin, na ɗora shi a cinya.

Masu haƙa suka zo da dagi da hauya suka tsaya. Na ce su sami inuwa.

Mata suka yi mata wanka, aka sa likkafani. Rana ta ɗaga. Zaure ya cika, har ƙofar gida mutane, 'yan Gidan Sori da muke da surukuta da su ma sun iso a kan moto, wato babur. Sai ga Liman, dattijo ne, sa'an Baba, shi ya raɗa mani suna.

“Kai, mi kake jira? Gawa ba ta jira, ka sani. Ga zafi.”

“Malam, ɗanta nake jira.”

“Ɗan da ba zai shiga sahu ba? Ba zai ɗauki makara ba, ba zai sa ta a rami ba. In ya zo, mi zai yi? Kallo?”

“In ya zo mu gani.”

Wani ɗan baffanmu, wanda bakinsa ya fi gonarsa girma, ya ce daga baya, “A saro wani kara mana, a kintata. Tsohuwa ce, ba raƙumi ba.”

Na ce, “Zo ka kintata. Ga ƙofar, sai dai ka tsallake ni.”

Bai zo ba. Aka yi ta gunaguni. Wasu suka ce na haukace, wasu suka ce Nasara ya saye ni. Ni da ko gishiri ban taɓa roƙonsa ba. Amma gaskiya ita ce Liman bai yi ƙarya ba. Zafin ranar ba na wasa ba ne, mata na ta yayyafa ruwa a ɗakin suna yi mata fifita, ƙanwarmu ta leƙo ta ce, “Yaya, don Allah.” Na san in rana ta karkata bai iso ba, ni zan miƙa karan da hannuna, in ci amanar. Liman ya ce ya ba ni zuwa la'asar, daga nan ko da kara ko babu. Na ce na ji.

Aka yi azahar ban tashi daga wurin ba, nan bakin ƙofa na yi sallata. Inuwar katanga ta fara tsawo. Sai muka ji kukan mota tana fama da rairayi, ta kafe can bakin gari, ƙanena ya fito ya taho da ƙafa. Da rigar shunayyar ya zo, bai tsaya canzawa ba, ƙura ta yi masa fari har gira. An tsai da su a duwan, shingen kwastan na iyaka, an tsai da su wajen jandarma. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya gai da Liman a tsugune, ya zo gabana.

“Yaya. Ya haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Shiga ka gan ta.”

Ya shiga, bai daɗe ba ya fito. Liman ya gyara murya ya faɗa masa a gaban kowa, ba da wulaƙanci ba, cewa salla ba tasa ba ce, makara ma haka, saka ta a rami ma haka. Ya ce, “Na sani, Baba Liman. Ban zo in ɓata muku komai ba.”

Sai na miƙe na ce, “Malam, haƙa fa? Akwai littafin da ya hana ɗa haƙa wa uwarsa rami?”

Liman ya shafa gemu. Ya dubi karan da ke hannuna. Sannan ya ce, “Ƙasa dai ƙasa ce. Ban taɓa jin an tambayi dagi addininsa ba.”

Na miƙa wa ƙanena karan.

A maƙabarta ya cire zoben da gicciyen ya ba wanda ya rako shi, ya tuɓe rigar ya rataye a reshen aduwa, ya cire takalmi, ya rage daga shi sai wando da 'yar shara. Na dube shi na ce a raina, yau za a yi abin kunya, hannun da ya saba da shafa kan mutane. Na matsa kusa na ce a hankali, “Ka sara sau biyu don a ce ka taɓa, ka ba su.”

Ya wuce ni ya nufi inda za a haƙa. Ya kwantar da karan a ƙasa, ya tambayi masu haƙa gabas don ya tabbata, ya ja layi da yatsan ƙafa. Suka buɗe uwar kabari tare. Da aka zo ɗiyar, wato ƙaramin ramin ciki inda mamaci ke kwanciya a kan gefen dama, sai ya ce su ba shi wuri. Ya durƙusa da dagi yana sara, yana kwashe ƙasa da ƙwarya, yana gyara bango da tafin hannu don kada rairayi ya rufta, yana barin kafaɗa inda itace zai zauna. Ba ya gaggawa, ba ya tsayawa. Ɗan baffan nan namu ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Na ce, “Kai, a ina ka koyi wannan?”

Bai ɗago ba ya ce, “Yaya, ƙauyukan da nake zuwa, in 'yan bindiga sun wuce, samari duk sun gudu daji. Tsofaffi da mata ake bari da gawa. Wa kake zaton ke haƙawa? Na haƙa wa namu, na haƙa wa naku.”

Ban san wannan ba. Ni ina can ina zaton yana zaune a buro, ofishinsa, ana yi masa fifita.

Da ya gama ya sa karan a ciki, ya zauna daram, babu ragi babu ƙari. Ya fito jikinsa duk ƙasa, tafin hannunsa ya fashe wuri ɗaya. Muka koma aka fito da Inna. Muka yi sahu, shi kuma ya koma can gefe ƙarƙashin gawo ya tsaya shi kaɗai, kansa a sunkuye, bakinsa na motsi. Abin da ya faɗa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni na shiga ramin na karɓe ta, na kwantar da ita a wurin da ya gyara. Bangon sumul yake, har da shatin yatsunsa a jikin ƙasar, daidai inda kumatunta ya kwanta. Aka jera itace, aka sa ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura rairayi. Karan kuma aka kwantar a bisa kabarin kamar yadda ake yi.

Ya zauna makoki tare da mu a kan tabarma ɗaya. Masu gaisuwa in sun yi addu'a sun shafa, shi sai ya ce na gode. Ranar da zai koma Liman ya rako shi har mota, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ko sufurfe mai mulkin yankinmu ba.

Har yanzu ban yafe zancen lakol ba, kuma ba na jin zan yafe. Gonar Baba ni ke nomanta ni kaɗai, gwiwata ta fara irin ciwon tasa. Amma ranar kasuwar Gangara, in wani ɗan iska ya matso ya ce, “Ina labarin ƙanenka na coci?” don a yi dariya, sai in ajiye abin da ke hannuna in ce masa, bishop ake cewa. In ce masa shi ya haƙa kabarin uwarmu, je ka duba, damina ta wuce a kansa bai rufta ba.