Kuka Ɗaya na Gogen Baba Mashud

Ƙanena Issah tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi. Ka juya baya, ka dawo ka tarar da hanjin rediyon a kan tabarma. Na dake shi har na gaji. Ya girma ya buɗe shagon gyara a unguwar Nima, gefen inda nake sayar da waakye, wato shinkafa da wake, don haka duk haukarsa a kunnena take ƙarewa.

A shekarar casa'in da biyar ya samo tsohuwar kwamfuta a Zongo Lane, da katin sauti a cikinta, ya haɗa ta da ƙaramin piyano. Ya danna nan ka ji sarewa, ya danna can ka ji ganga. Ya ce kowane kayan kiɗa fayil ne guda, lamba zalla. A kan fayil ɗin akwai sunan kayan, da tsayin muryarsa, da inda kukan zai fara maimaituwa, da inda zai tsaya ya koma. Bayan nan sai sautin kansa. Na ce, "To malam, lambar za mu ci?" Ko a jikinsa.

Abin da ya hana shi sukuni, duk fayilolin babu goge. Kuma ga Baba Mashud a bayan gidanmu, mai gogen da ya yi wa rabin matan unguwar Maamobi kiɗan aure, har da ni. Issah ya kawo shi shago ya kafa masa makirfo.

"Baba, kuka ɗaya nake so. Ja guda, dogo, kada ya motsa. Katin zai ɗaga shi ya sauke shi da kansa."

Ina! Baba ya ja baka, kafin ka ƙifta ido yatsun hagunsa sun hau tsarkiya suna rawa. Aka sake, haka. Aka kuma, haka. Issah ya yanki ɗan guntu ya sa ya maimaita, abin ya fito kamar kukan akuya. Na yi dariya har na zubar da miya. Baba ya rataya gogensa ya ce, "Yaro, goge ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nemi mai busa ƙaho."

Bayan damina ciwo ya kama Baba, hannun hagu ya shanye. Ga bikin autarsa Hamsatu ya matso, kuma tun tana goye yake cewa shi zai yi mata kiɗa da hannunsa. Na kai masa koko wata safiya na tarar ya matse gogen da gwiwa yana jan baka da dama. Murya ɗaya ke fita, doguwa, ba hawa ba sauka. Ya ce, "Kaltume, kin ji abin da ya rage mini." Wallahi sai da na yi hawaye.

Na dawo ina ba Issah labari cikin baƙin ciki, sai yaron nan ya daka tsalle har ya ture kujera.

"Yaya, ɗaya? Ba ya motsi?"

Na ce, "Kai, ba ka da imani ne? Mutum na kuka kana murna!"

Bai ma tsaya ba. Ya ɗora kwamfutar a ka kamar ɗan dako, ni na bi shi da piyano ina zaginsa har gidan Baba. Ya durƙusa ya riƙe wa Baba wuyan gogen, ya ce, "Baba, wannan da kake jin kunyarsa, shi na roƙe ka tun kafin damina. Ja mini."

Baba ya shafa wa baka ƙaro, ya ja.

Sauran aikin lamba ne, kuma da hannu Issah ya dinga cusa su. Ya kuskure lambar tsayin murya, gogen ya koma sauro. Ya gyara. Ya sa wurin komawa ba daidai ba, sai ƙas, ƙas, ƙas a tsakiyar kukan. Ya dinga matsar da shi kaɗan-kaɗan, gumi na ɗiga, har ƙas ɗin ta ɓace. Ya danna ya riƙe. Jama'a! Gogen Baba ne sak, yana ta kuka ba ya yankewa. Na saki guɗa ban san na yi ba.

Baba kuwa ya ɓata rai ya ce muryar tasa ce, amma tafiyar ba tasa ba ce, Issah na taka kiɗan kamar soja. Ya jawo piyanon gabansa. Makonnin da suka rage kullum yana kai, yana koya wa yatsun dama aikin da na hagu suka yi shekara da shekaru.

Ranar biki aka jawo wayar lantarki daga shagon tela, aka kafa kwamfuta a tsakar gida. Mata suna ta leƙe, wasu na cewa talabijin aka kawo. Baba ya zauna, gogen na kan cinyarsa, ya sa hannun dama a piyano. Da kiɗan ya tashi, tsofaffin da ya yi wa aure suka gane shi nan take, gidan ya kaure da guɗa. Hamsatu ta fito daga ɗaki da lalle a ƙafa, ba ta jira an fito da ita ba. Ta durƙusa ta ɗauki hannun hagun nan ta riƙe.

Baba bai daina kiɗa ba. Ya ce, "Riƙe shi da kyau, 'yata. Yau hutu yake."